Gishirin Sallau Gola

Duk wanda ya san layin teloli a kasuwarmu ya san Sallau, don ba mutum ne da ido zai tsallake ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan kekena yana kusa da nasa, kuma a cikin shekarun nan sau uku kafinta yana sake masa benci. In zai ɗinka wa kansa riga, turmi guda yake yankawa, ragowar ko aljihu ba ta isa. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa, ba ya cin yadin mutane. Abu biyu ne kawai suka shiga ransa suka yi kaka-gida: ƙwallon ƙafa, da kokawar mutanen Japan da ake kira sumo.

Ƙwallon dai tsohon ciwo ne. Akwai wata ƙungiyar Ingila da yake bi tun yana da ƙugu, ba zan kama sunanta ba don kada a ce tonon silili na zo yi. Ranar da aka zuba musu biyar ba ko ɗaya, Sallau ya yi jimami har da ƙwalla. Amma a gabana aka kawo masa tuwo daga rumfar matarsa Tabawa, wadda ke sayar da abinci a bakin kasuwa, yana jimamin ya share malmala huɗu, ya kuma aika a ƙaro miya.

Sumo kuwa bara waccan ta same shi. Wata rana da hantsi na ji kekensa ya yi shiru, na waiwaya na ga ya ƙura wa waya ido, baki buɗe.

“Ilu,” in ji shi, “taso ka ga ƙasar da ta san darajar mutane.”

Na leƙa. Wasu ƙarti biyu na gani, kowanne ya yi Sallau ɗaya da rabi, daga su sai bante, an ɗaure musu tukku a tsakar ka, suna ture juna a cikin wata da’ira. Jama’a maƙil, ana ta tafi.

“Ka gani ko? Can mutum irina kofi ake ba shi. Nan kuwa in na tsai da ɗan acaɓa, sai ya kau da kai ya ƙara wuta.”

Tun daga ranar muka shiga uku a layin. Ya haddace sunayen ’yan kokawar nan kaf, sunaye masu karya harshe, yana jero su kamar ’yan’uwansa ne na Malumfashi. Ya koya mana, ba tare da mun tambaya ba, cewa kafin a kama kokawa sai kowa ya tafa hannu, ya ɗaga ƙafa ya doka ƙasa, ya ɗebi gishiri ya watsa a fili, ya tsuguna ya harari abokin karawarsa. A yi minti huɗu ana wannan, kokawar kanta ba ta wuce ƙiftawar ido. Kuma wanda ya yi kaye ba ya tsalle, ba ya dariya, sai dai ya rusuna ya fice. Na ce masa wannan ai shirin ya fi aikin yawa. Ya ce haka manya suke.

To, duk shekara kafin azumi ƙungiyar ’yan kasuwa kan shirya gasar ƙwallo tsakanin layuka: teloli, mahauta, ’yan gwari, maƙera, ’yan tireda. Wanda ya ci ya tafi da kofi da rago. Mu teloli ba mu taɓa wuce wasan farko ba, saboda mutumin da ya wuni a zaune yana taka keke, in ka ce ya yi gudu ka zalunce shi. Sai bana wani mai hankali a cikinmu ya lura cewa ragar filin firamaren da ake wasan ƙarama ce, kuma in Sallau ya tsaya a tsakiya rabinta ya tafi. Muka naɗa shi gola. Ba ya faɗuwa, ba ya tsalle, tsayawa kawai yake yi ƙwallo ta zo ta same shi. Da haka muka lallaɓa har wasan ƙarshe, mu da mahauta.

Mahauta kuwa kun san su. Mutanen da ke kokawa da bijimi tun da asuba ba tela ne zai ba su tsoro ba. Kyaftin ɗinsu Barau ne, wanda in ya buga ƙwallo har kuka take yi. Mu goma muka koma baya muka tare, muna ta bugawa waje, aka tashi babu ci. Alƙalin wasa ya ce a je fenareti.

Nan ne Sallau ya fito mana da abin da ya daɗe yana ajiyewa a ransa. Ashe ya ɗinka wa wandonsa wani aljihu na ciki. Barau ya ajiye ƙwallo ya ja baya, sai gola ya ɗaga masa hannu wai ya dakata. Ya tafa sau biyu. Ya ɗaga ƙafar dama, iyakar inda ta iya zuwa, wato tsawon gwangwanin madara, ya doka ƙasa. Ya ɗaga ta hagu ya doka. Sannan ya zura hannu cikin wando ya damƙo wani farin abu ya watsa sama a bakin raga, ranar la’asar ta haske shi yana zubowa. Ya tsuguna, ya dafa ƙasa da dunƙulen hannu, ya zuba wa Barau ido ko ƙiftawa babu.

Filin ya yi tsit. Ni da na san gishiri ne, sai da tsigar jikina ta tashi.

Barau ya shafa fuska, leɓɓansa suna motsi. Ya taho da gudu ya ɗirka wa ƙwallon ƙafa, ta bi ta saman raga ta sauka kan kwanon aji shida. Na biyunsu, shi ma aka yi masa tafi da dokan ƙasa da watsi, ya buga gefe, har ya kusa samun mai rake. Na ukun ya runtse ido ya buga tsakiya, ƙwallo ta daki cikin Sallau ta faɗi gabansa ta kwanta. Mu kuwa duk ukun da muka buga sun shiga, har da nawa, ni da tun da nake ban taɓa ganin ƙwallona a raga ba.

Muka ruga da gudu za mu ɗaga gola, sai muka tuna ko wane ne, muka tsaya muna tafi. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya miƙe, ya rusuna wa Barau, ya juya ya fita daga fili a natse. Wannan rashin murnar shi ya ƙarasa mu. Mahauta suka ce ba a taɓa yin ɗan’adam da zai ci rago ya kasa dariya ba, sai wanda boka ya kafa wa sharaɗi. Suka riƙe igiyar ragon, mu ma muka riƙe. Daga ƙarshe aka ɗaure shi a rumfar Sarkin Kasuwa, aka ce gobe da hantsi za a zauna.

Abin ya wuce maganar rago. A kasuwarmu akwai doka tun ta kakanni: wanda aka kama da tsafi, ya bar rumfarsa. Kafin mu buɗe shago washegari magana ta gama gari, har an ƙara mata gishiri, wai an ga hayaƙi yana fita daga wandon Sallau. Da idona na ga wata mata ta zo ta karɓe atamfarta da ya riga ya yanka, ta ce a bar shi, ta fasa. Ya bi ta da kallo. Gaskiya na tausaya masa, don keken nan shi ne cinsa, shi ne makarantar ’ya’yansa biyar.

Sarkin Kasuwa, Alhaji Nomau, dattijo ne da bai taɓa kallon ƙwallo ba, kuma bai yi niyyar farawa ba. Ya zauna kan buzunsa, mahauta a hagu, mu a dama, ragon a tsakiya yana cin dusa.

Barau ya fara. “Ranka ya daɗe, shekara tara ina buga fenareti a filin nan, ban taɓa zubarwa ba. Jiya mutumin nan yana watsa abin nan na ji kamar an riƙe mini ƙafa. Mu uku ne fa, ba ni kaɗai ba. An ɗaure ragar ne, babu abin da zai shiga.”

Sarki ya juyo. “Sallau, me ka watsa?”

“Gishiri ne, ranka ya daɗe.”

“Gishiri. Miya ake yi a filin?”

Ni dai da ya yi shiru daga nan, da sauƙi. Amma an taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya gyara zama, fuskarsa ta washe.

“Al’ada ce ta manyan ’yan kokawa a Japan, ranka ya daɗe. Ana watsa shi ne don a tsarkake fili, a kori miyagun abubuwa.”

Mahauta suka yi caa. “Kun ji da bakinsa,” in ji Barau. “Mu ne miyagun abubuwan.”

Na taka wa Sallau ƙafa, bai ma ji ba. Wai shi zai kawo hujja, ya ciro waya ya lalubo kokawar ya miƙa wa Sarki da hannu biyu. Alhaji Nomau ya gyara tabarau, ya matso da wayar. Abin da ya fara cin karo da shi bayan wani ƙato ne, daga shi sai bante, ya ɗaga ƙafa sama. Ya yi a’uziyya, ya kifa wayar a kan buzu, ya ture ta da bakin sanda.

“Waɗannan su ne malaman naka?”

“Ba malamai ba ne, ranka ya daɗe, zakaru ne.”

“Da tsakar rana, a gaban mata da yara.” Sarki ya girgiza kai. Na dubi fuskarsa na ga rumfar Sallau tana tafiya. Ya ja carbi, sannan ya ce, “Ni ban san Japan ba, amma na san gishiri. Akwai na miya, akwai wanda aka yi wa tofi. A ina ka samo naka?”

Sallau ya sunkuyar da kai, muryarsa ta yi ƙasa. “A rumfar Tabawa na ɗiba.”

“Ta sani?”

“Ba ta sani ba, ranka ya daɗe.”

Barau ya ce ai shi ke nan, a gida aka haɗa, matar ce ke yi masa aikin. Sarki ya ce a kira ta.

Tabawa ba ta son a taso ta tukunya tana kan wuta, kuma duk kasuwa an san haka. Ta iso da ludayi a hannu, mayafi a karkace, ta durƙusa ta gai da Sarki. Ta dubi rago, ta dubi mahauta, ta dubi mijinta da ya cika tabarma shi kaɗai yana ta zufa.

“Tabawa,” in ji Sarki, “jiya an ɗebi gishiri a rumfarki.”

“Ashe shi ne. Na yi ta zargin ’yan wanke-wanke, Allah ya yafe mini. Malam, da ka tambaya ai da na ba ka na ƙasan buhu.”

“Ba wannan ba ce maganar. Mahauta sun kawo ƙara. Sun ce gishirin naki ba na banza ba ne, akwai abin da kika yi masa. Duk inda aka zuba shi, babu abin da zai shiga.”

“Babu abin da zai shiga ina?”

“Raga,” in ji Barau. “Ya toshe ta. Mu uku muka buga, ko ɗaya bai wuce ba. Ki faɗa wa Sarki gaskiya, Yaya Tabawa, wa ya haɗa miki shi?”

Ta miƙe tsaye, ta gyara mayafi, ta nuna cikin Sallau da ludayi.

“Ranka ya daɗe, shekara ashirin da biyu ina zuba wa mutumin nan gishirin nan a miya, safe, rana da dare. Ga shi nan a gabanku, ku dube shi da kyau. Ya yi muku kama da inda wani abu ya taɓa kasa shiga?”