Sifirin Shugaba Lafiya-Lau

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwar tsaro, a fara da Shugaban Kwamitin Haɗin Gwiwar Tsaro na unguwarmu, a kuma rufe da shi, don ba shi da na biyu. Wasu shugabannin sai sun yi sintiri, sun sa fitilu a lunguna, sun yi ta zama da 'yan sanda kafin sata ta ɗan lafa. Namu gwarzon daga kan kujera ya gama da ita, da biro ɗaya tak, cikin wata goma sha biyu.

Shekara talatin ya yi yana jera fayil a wata ma'aikata kafin ya yi ritaya, kuma a can ya gano babban sirrin mulki: abin da bai shiga takarda ba, bai faru ba. Da aka ce kowace unguwa ta kafa kwamitin da zai haɗa kai da 'yan sanda, shi ya kira taron, shi ya tsayar da kansa, shi ya ƙirga hannuwa. Washegari ya fito da riga mai ƙyalli, usur a wuya, da katin shaida mai hotonsa na lokacin da yake da gashi. Ya share garejinsa ya sa tebur da kujera mai juyawa. A ƙofar ya rubuta Garkuwan Al'umma. Mu kuwa Lafiya-Lau muke kiransa, don ko gobara ke ci a bayansa ka tambaye shi labarin unguwa, amsar ke nan.

Dokarsa ta farko ita ce kada kowa ya kuskura ya wuce caji ofis kai tsaye. Duk wanda aka yi wa ɓarna sai ya biyo ta gareji, shi Shugaba ya tantance, sannan ya miƙa wa hukuma rahoton wata. Tantancewar ce abin kallo. Wanzami ya je da kukan an ɗauke masa janareto, ya fito da takarda mai hatimi da ke cewa janareton ya sauya mazauni. Malamin makaranta da aka fizge wa waya a bakin titi, laifinsa aka rubuta, wai ya riƙe ta da sakaci har ta bi wani. Akuyar mai wanki kuwa an shigar da ita a babin yawon buɗe ido.

"Kalmar sata kalma ce mai nauyi," in ji shi a taron wata, yana buga tebur da usur. "A ilmin tsaro na zamani, ba ɓarawo ne abokin gaba ba, jita-jita ce. Unguwar da ke yawan kai ƙara, ita ke zubar da mutuncinta. Ni kuwa ban karɓi wannan amana don a ga sunanmu a allon 'yan sanda ba."

Mutane suka tafa, don yana kallon kowa ɗaya bayan ɗaya.

Haka rahoto ya yi ta tafiya duk ƙarshen wata, a layin laifuffuka an zana sifiri mai kyau, zagayayye kamar ƙwai. Da 'yan sanda suka ga sifiri shida a jere, suka ɗauke motar sintirin da ke leƙo mu suka kai ta unguwar da ke da buƙata. Shugaba ya kira wannan babbar nasara. Mu kuma muka ƙara kwaɗo a ƙofofinmu.

A wata na goma sha ɗaya ne aka shiga shagon Tela. Mace ce mai 'ya'ya uku, ba ruwanta da kowa, kuma keken ɗinkin nan shi ke ci da gidanta. Da rana tsaka ta ja ƙofa ta je ɗauko autarta a makaranta, ta dawo ta tarar da teburin keken da ramin da kan yake zama. Yadudduka na makarantar da ta karɓi aikin ɗinka wa riguna suna jibge a gefe, an riga an yanka.

Ta je gareji idonta jawur. Shugaba ya saurare ta yana juyi a kujera, sannan ya tambaye ta ko ta ga wanda ya ɗauka da idonta. Ta ce da ta gani ai da ta yi ihu. Ya ce to ke nan babu shaidar an ɗauka, akwai dai shaidar babu shi. Ta roƙe shi ya bar ta ta je wurin 'yan sanda da kanta.

"Ƙanwata, saura wata ɗaya hukumar birni ta ba da lambar unguwa mafi aminci. Kina so a ce ke kaɗai kika ɓata wa gidaje ɗari huɗu suna saboda kan keke? Ki yi haƙuri. Tsaro sai da sadaukarwa."

Ya rubuta cewa keken yana inda mai shi ba ta sani ba tukuna, ya buga hatimi. Ni abin ya ƙona mini rai, ba zan ɓoye ba. Makarantar ta kwashe yadudduka ta ba wani. Tela ta koma ɗinkin hannu a bakin shagon, tana sa maɓalli da facin wanduna, yatsunta duk sun huje.

Ranar karɓar lamba, Shugaba ya sa aka kwashe mu a motoci biyu zuwa harabar babban ofishin 'yan sanda, don kada a rasa masu tafi. Har Tela ya sa aka taho da ita, wai a ga mata ma suna cikin haɗin gwiwa. An ba shi minti biyar, ya ci arba'in. Ya gode wa hangen nesansa, ya yaba wa jajircewarsa, ya yi alkawarin rubuta littafi don sauran unguwanni su amfana. Wakilin hukumar birni ya miƙa masa wani faffaɗan allon katako mai rubutun zinariya, ya rungume shi da hannu biyu, aka yi ta hoto.

Sai aka zo abu na biyu a tsarin taro. Ashe sashen bincike, wanda ba ya karanta takardun sashen ba da lamba, ya fasa wani ɗakin ajiyar kayan sata a makon. Wata sufeto, mace marar son dogon zance, ta sa aka yaye tamfol ɗin da aka lulluɓe kayan da aka ƙwato. Tafi ya tsaya cak. Wanzami ya miƙe yana nuna janaretonsa. Malamin makaranta ya hango wayarsa. Tela kuwa ta taka ta je ta dafa kan kekenta, ta tsaya a wurin.

Sufeto ta ce abin da ya ɗaure musu kai shi ne kaya cike da ɗaki, amma ko ƙara ɗaya ba su samu a kansu ba. Ta sa aka fito da shugaban ɓarayin da ankwa a hannu, ta ce ya maimaita abin da ya faɗa musu. Mutumin ya waiga, ya hango riga mai ƙyalli, ya rusuna da ladabi.

"Ranki ya daɗe, ai unguwar Baba kaɗai muke aiki. Can ko me ka ɗauka ba a zuwa nemanka. Allah ya saka masa da alheri, shekara guda bai taɓa bari an tayar mana da hankali ba."

Shugaba ya buɗe baki zai yi bayani a kan ilmin tsaro na zamani, sufeto ta katse shi. Ta ce doka ba ta yarda a ba kowa kayansa ba sai da takardar cewa an sace su, da rana da wata, kuma tunda rahotanninsa sun ce ba a saci komai ba, shi zai sa hannu a kan kowace takarda cewa abin da ya rubuta a baya ba gaskiya ba ne. Aka kawo tebur da fom. Ba wanda ya ce a yi layi, layi ya yi kansa, daga teburin har bakin ƙofar harabar, Tela a gaba.

Sufeto ta miƙa masa biro. Garkuwan Al'umma ya tsaya da allonsa a ƙirji, hannu biyu duk a cike, yana waige-waigen inda zai ajiye shi. Wakilin hukumar birni ya riga ya sulale, masu hoto kuwa suna nan.

Tela ta miƙa hannuwanta biyu.

"Kawo in riƙe maka, Yallaɓai. Ka rubuta da kyau, kan keke ne, kuma sace shi aka yi."