Ranar da na tare ambaliya a Zanzibar

Wataƙila wasu abubuwan sun shige mini, amma ina jin haka aka yi. Kawuna Alhaji, dillalin shinkafa a Gummi, zai sayi gida a wani wurin shaƙatawa na bakin teku a Zanzibar. Ya tafi da ni in duba masa kafin ya sa hannu, tunda na karanta noman rani a jami'a.

Ban taɓa ganin gida irinsa ba. Bangon gilashi ne, ga itatuwan kwakwa har bakin taga, teku kuma kamar an rina shi da shuni. Sai na hango wurin ninkaya ya cika maƙil, ruwa na kwarara ta gefe ɗaya. Wanda gulbi ya taɓa ci wa gona ya san farkon ambaliya.

"Kawu, dakata tukuna," na ce. "Ina zaton bangon wurin ninkayan nan ya karye."

Na kwaso matasan kai na alfarma daga kan kujeru, na jera su a bakin ruwan kamar buhunan yashi.

Manajar wurin ta yi bayani cikin ladabi: haka aka gina shi, don ido ya ga ruwan ya haɗe da teku. Inji ke mayar da ruwan da ya kwarara.

Kawu ya dube ni. "Wanga shi ne karatun?"

Ya sayi gidan. Har yau ko randa ce ta cika, Inna takan ce, "Ku ɓoye matasan kai, ga injiniya nan tahe."

Kawu yana gaya wa mutane wai matasan kai goma sha biyu na jiƙa. Ni dai shida na tuna. Wanda ya san daidai, don Allah ya gyara mana.