Hannun Alhaji Ba-Tabo

Duk Birnin Konni babu hannu mai daraja kamar na Alhaji Soumaïla, mataimakin shugaban masu albasa. Shekara bakwai yana neman a zaunar da shi a kwanon manya, inda mutum biyar kawai ke sa hannu ranar walimar ƙungiya. Bana aka ce ya zo.

Ana saura wata shida yatsunsa suka dinga mutuwa, ya tafi Yamai aka yi masa aikin zamani ta 'yar ƙofa kamar kafar allura. Ya dawo hannu a sama. A masallaci, a tasha, har wurin ta'aziyya, sai ya shimfiɗa wa mutane tafinsa.

"Ku diba da kyau. Ina tabo? Babu. Wanga aikin manya na, ba tsagar wanzamai ba."

Daga nan ya zama Alhaji Ba-Tabo, ya kuma ɗauka yabo ne.

Sai wani ƙullutu ya leƙo daidai wurin, da fari kamar wake, daga baya kamar goro. Likita ya ce 'yar fata ce ƙarfen aikin ya tura ciki, ta yi jaka tana tara ƙazanta, a zo a tsaga a cire. Jin kalmar tsaga, Alhaji ya ɗauki hularsa ya fice. A gari kuwa ya bayyana cewa jijiya ce ta yi ƙiba saboda kyawun aiki. Matarsa Sahiya ta yi magana har ta gaji.

Ranar walima ya sha babbar riga, ya wanke hannu sau biyu don kowa ya gani. An buɗe tuwon shinkafa da naman rago ke nan sai ga Idrissa, direban motar siminti daga Malbaza, mutumin da gaisuwarsa ke sa ƙashi ƙara. Ya damƙe hannun da murna, ya girgiza, ya sake matsawa yana tambayar iyali.

Ƙullutu ya fashe. Abin da ya fito fari ne kamar cuku, warinsa kuma ya riga shi isa kwano.

Dattawa mutanen kirki ne, ba wanda ya yi dariya. Shugaba ya janye kwanon a hankali, ya yi masa sannu, ya ce a zuba wa Alhaji nasa daban.

Can gindin bango ya ci, da cokali.