Rasuwar Tsohuwar Mujallar Shagon Askinmu

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, nake sanar da 'yan'uwa da masu zuwa aski shagonmu rasuwar tsohuwar mujallarmu, wadda muke kira Tsohuwa. Ta cika jiya da hantsi, ruwan sama ya ɗauke ke nan, rana ta fara leƙowa, a kan teburin maƙwabcinmu mai guga.

Sunanta na gaskiya ba mu san shi ba, don saman bangonta ya yage tun kafin mu same ta. Yayana ya gaje ta ne tare da benci da madubi ranar da ya karɓi shagon. Ta girme ni, wannan ba shakka.

Marigayiya mai haƙuri ce. An yi fifita da ita lokacin zafi, an kashe ƙuda da ita, an zauna a kanta, ba ta taɓa cewa komai ba sai ɗan faras-faras idan an juya shafi. Ko motsi ba ta yi daga kan benci, amma ta kai mu duniya. A cikinta muka ga masu gaisawa da goga hanci, da ƙauyen da ake hira da fito daga wannan dutse zuwa wancan, da garin da aka gina a kan ruwa, yara suna tafiya makaranta a kwalekwale. Akwai kuma ƙasar da ta ce rana takan ƙi faɗuwa. Wannan shafin ya sha musu, musamman wajen direban nan mai gemu, wanda kullum sai ya ce, "Ƙarya ce! To yaushe kaji suke shiga akurki?" Amma ko yaushe ya zo, shafin yake fara buɗewa.

Ni kuwa malamata ce. Ban yi nisa a makaranta ba, a jikinta na gyara karatuna, ina bin layi da yatsa idan babu mai aski. Ba ta taɓa yi mini dariya ba.

Ciwon ajali ya fara ne shekaranjiya. Ruwa ya tsuge, tagar baya da gilashinta ya fashe ta fara shigo da feshi, Yaya ya waiwaya ya ɗauki abin da ya fi kusa da hannunsa ya toshe. Ita ce. Da muka tuna da ita washegari, ta kumbura, ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Ni na so a shanya ta a hankali, shafi-shafi. Sai mai guga ya leƙo, mutumin kirki ne wallahi, ya ce, "Kawo ta nan, ƙanena. Manyan riguna ma na busar, balle takarda." Ya shimfiɗa mata ƙyalle, ya yayyafa ruwa saboda sabo, ya danna mata dutsen guga da duk ƙarfinsa. Kalmarta ta ƙarshe ita ce tsssss. Da ya ɗaga, ta miƙe sumul, ba ko lanƙwasa ɗaya, ba ta taɓa yin kyau haka ba. Sai dai shafukan sun manne sun zama allo guda. Masu goga hanci da masu kwalekwale duk suna ciki, ba mai fitowa.

Ta rasu ta bar Yaya, wanda har yanzu yake cewa taga ce da laifi. Ta bar ni, da direba, da kalandar bara da ke bango. Ta bar 'ya ɗaya tilo, wato shafin da aka ninke aka sa a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar kujera, ita ma tana bakin aiki, ba za ta samu zuwa ba.

Ta kuma bar Baba mai gyaran agogo, kuma a nan damuwata take. Idanunsa sun tafi, ya rufe shagonsa, ba abin da ke fito da shi daga gida sai ita. Duk mako yakan lallaɓo da sandarsa, wai aski, alhali gashin bai fi a ƙirga ba. Ya zauna, ni kuma in karanta masa. 'Yarsa ta taɓa gaya mini cewa ranar zuwansa ce kawai yake neman a goge masa riga. Na rasa bakin da zan gaya masa.

Ina cikin rubuta wannan sanarwa sai na ji sandar a bakin ƙofa. Yaya ya dube ni, na dubi Yaya. Na zaunar da Baba, na ɗauko gawar na riƙe a gabana kamar kullum, na fara daga ka. Ashe duk tana cikin kaina, har wuraren da nake tuntuɓe. Na kai ƙarshen shafin masu fito, na tsaya. Baba ya karkata kunne, kunnen da ya saba jin numfashin agogo. Ya ce, "Ɗana, yau ba ka juyawa ne? Ban ji muryarta ba."

Mai guga kuwa yana tsaye a ƙofa tun ɗazu, ya kasa shigowa don kunya. Sai ya zaro tsohuwar jaridar da yake naɗe kayan mutane da ita, ya matso bayana a kan yatsun ƙafa, ya juya shafi ɗaya. Faras.

Baba ya gyara zama ya ce, "Mura ta kama ta, muryar ta yi kauri. Ci gaba. Kuma ai ka tsallake shafin da akuya ta hau bishiya." Gaskiyarsa, na tsallake.

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza. Za a naɗe marigayiya a wankakken ƙyallen aski gobe da safe kafin mu buɗe, a kwantar da ita a durowar ƙasa kusa da matattun injinan aski, sa'anninta. Ana karɓar gaisuwa a kan benci, wanda gashinsa ya taru ya haɗa biyu. Direba zai yi jawabi, an roƙe shi kada ya tayar da maganar kaji. Ba za a kulle durowar ba, don duk mako za a riƙa tono ta idan an ji sanda.

Mai guga yana cikin waɗanda aka gayyata, amma da sharaɗin ya zo hannu sake, ban da dutsen guga. Ɗazu da Baba ya tashi tafiya, shi ya riga shi fita ya kawar da bokitinsa daga hanya, ya ajiye jaridar a ƙarshen benci inda Tsohuwa take zama, ya koma wajen gugarsa.