Likitan Sama na Kebbe

Ruwaida ta fara jin sunan Alhaji Ɗangiwa ne daga bakin Alhaji Ɗangiwa, ta lasifika. Mutum ne mai tausayin jama'a, ba ya ɗora wa kowa wahalar yabonsa. Da kansa yake yi.

Lokacin kullen korona ne. Motocin Tambuwal sun daina shigowa, 'yan kabu-kabu sun jingine babura. Gidan su Ruwaida a bakin tasha yake, kuma kakarta, Inna Zahara'u, ta daɗe tana fama da asma. Da hayaƙi ya ɗauke sai ƙirjinta ya buɗe, har ta koma ba Ruwaida tarihin gidansu tun daga tushe, ba ta tsayawa neman numfashi.

To, alheri irin wannan dole a samo wanda ya kawo shi. Alhaji ya duba gabas da yamma, bai ga wanda ya dace ba sai shi. Ya kafa Kwamitin Tsaftace Iska, ya zaɓi kansa shugaba ba hamayya. Matasa suka laƙaba masa Likitan Sama, ya karɓa hannu biyu, ya sa aka rubuta a bayan motarsa.

Abin da ya dame shi ɗaya ne: jama'a na ta shaƙar iska ba su san wa za su gode wa ba. Sai ya ɗauko lasifika da tsohon janaretonsa mai shan baƙin mai kamar kunu, ya girke a gindin katangar su Ruwaida, daidai tagar Inna, don kada rana ta taɓa masa inji.

"Jama'ar Kebbe, ku ja numfashi! Wagga iska mu munka gyara ta. Turawa ma sai sun zo koyo!"

Baƙin hayaƙi ya bi taga. Inna na tsakiyar labarin yadda kakanta ya taso daga Fakku, tari ya sarƙe ta. Washegari ma haka, labari ya tsaya a hanyar Fakku. Ruwaida ta ja mayafi ta fita, ta durƙusa ta gai da Alhaji.

"Baba, don Allah injin ga. Inna ba ta iya numfashi."

Alhaji ya kasa kunne ya ji tarin. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don shi bai haɗa lafiyar al'umma da komai ba.

"Ashe daga gidanku na! Ɗiyata, taimaka ki ce ma Inna ta ɗan riƙe tarin ga har in ƙare jawabi. Shina shiga lasifika."