Rayyis Dardir da Kakin Aro

"Wannan ba huhun mutum ba ne, zugazugin maƙera ne," in ji Rayyis Dardir, yana dukan ƙirji har shayinsa na zuba. "Da numfashi ɗaya na taɓa raka amarya daga ƙofar gidansu har gidan ango, kuma gidan angon a hayin kogi yake."

Mu 'yan zaman gidan shayin Ammu Sabir mun haddace wannan labari, kuma duk ranar da ya ba da shi sai kogin ya ƙara faɗi. Amma kada in ci haƙƙinsa, a busa algaita ba shi da na biyu a garinmu. Matsalar tana farawa ne in ya cire ta daga baki. A shekarar kuwa kansa ya ƙara kumbura, don Umda, wato mai garinmu, ya zaɓe shi ya yi busa a bikin ɗansa, irin bikin da mabushi kan samu sau ɗaya a rayuwa.

Ana cikin haka aka sami mutum uku a unguwa da tarin fuka, biyu daga cikinsu abokan zamanmu. Likita Samiha ta asibitin ƙirji ta zo har gidan shayin ta yi mana bayani a natse. Ta ce ba a ɗaukarsa a kofi ko a gaisawa, iska ce ke kawo shi in mutum ya daɗe yana zama da mai tari a wuri rufaffe. Ta ce yana warkewa sarai, kuma wanda ya yi 'yan makonni yana shan magani ba ya shafa wa kowa. Sannan ta raba mana 'yan robobi masu murfi, kowa ya tofa kakinsa na safe ya kai a duba.

Tana juya baya Dardir ya miƙe.

"Yarinya ce, a takarda ta karanta. Ni da numfashi nake cin abinci tun kafin a haife ta. Ku ji nawa: duk abin da bakin mai tari ya taɓa, wuta ce maganinsa."

Ammu Sabir, wanda ko kyanwa ta yi atishawa sai ya canza hanya, ya fasa kofuna rabin kwando, ya ƙone bututun shisha kaf. Dardir kuma ya naɗa kansa alƙalin tari. Girgis tela, mutum siriri kamar allurarsa, ya ƙware da gyaɗa ya yi tari sau biyu.

"Daga ƙasan huhun hagu wannan ya fito," in ji Dardir, ido a rufe. "Dube shi ma, iska na kaɗa shi. Tashi, Girgis, ka tausaya wa masu iyali."

"Gyaɗa ce fa, Rayyis."

"Haka kowa ke cewa."

Girgis ya tafi kai a sunkuye, kuma har yau ina jin kunyar yadda muka yi shiru.

Abin da ba mu sani ba sai daga baya, shi kansa mai zugazugin yana da ɗan tarin da yake yi da asuba, na hayaƙin shisha. Ya zauna da robarsa a hannu yana lissafi. In aka ce yana da shi, biki ya tafi. Sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ba ta faɗo wa kowa sai shi.

Akwai Fargali mai dakon tukunyar gas, ƙato ne da ke hawa bene da tukunya biyu a kafaɗa yana waƙa. Ba ya zama gidan shayi, don haka ba a ba shi roba ba. Dardir ya kai shi cin tantabara mai cikin shinkafa, da ya ga ya lashe yatsu sai ya tura masa robar.

"Ɗan tofa min a nan, ɗan'uwa."

"Na me, Rayyis?"

"Likita ke son ganin na ƙaƙƙarfan mutum, don ta riƙa gwada na raunana da shi. Na ce mata duk garin nan ba kamarka."

Fargali ya ji daɗi. Ya yi wani tari mai zurfi, ya cika umarni ba tare da wahala ba. Alƙalin tari na zaune a gabansa, bai ji komai a ƙasan huhun kowa ba.

Sakamako ya fito. Girgis lafiya lau, ni ma haka, Ammu Sabir ma haka. Dardir kuwa likita ta kira shi ciki ta rufe ƙofa.

"Rayyis, ka kwantar da hankalinka, an ga ƙwayar cutar a kakinka. Wata shida za ka yi kana shan magani. Ka turo min iyalinka in duba su."

"Bikin ɗan Umda fa?"

"Ka hura wa mutane numfashinka cikin rumfa har gari ya waye? Ajiye algaita tukuna."

Dardir ya auna abin. In ya yi shiru, mai tari ne. In ya yi magana, maƙaryaci ne. Ya zaɓi shiru, ya karɓi ƙwayoyi ya nufi gida yana lissafin yadda zai lallaɓa ya yi busar a ɓoye, kamar ana ɓoye algaita.

Likita ta rufa masa asiri, amma matarsa Zakiyya ta gaya wa ƙanwarta kaɗai, kafin la'asar Umda ya aika wa wani mabushi a garin gaba. Zakiyya kuwa mace ce mai bin maganar miji. Ta mai da shimfiɗarsa saman soro wurin kaji, ta fasa kofinsa, ta fasa farantinsa. Washegari da hantsi ya leƙo ƙasa, sai ya hango ta gaban tanderun gurasa, wuta na ci, algaitar da ya gada wurin mahaifinsa na hannunta cikin tsumma.

"Uwar Ramzi, me za ki yi?"

"Abin da ka ce mana. Duk abin da baki ya taɓa."

"Likita ta ce ba a ɗauka ta nan."

"Ai yarinya ce, Baban Ramzi, a takarda ta karanta."

Ta kai hannu bakin tanderu. Nan Dardir ya kurma ihun da aka ji har gidan shayi: "Ba nawa ba ne! Wallahi kakin ba nawa ba ne, aro na yi wurin Fargali!"

Maƙwabta na saman sorayensu suna shanya, ba wanda bai ji ba.

Likita Samiha ba ta yi dariya ba. Ta ce wa Dardir saura ƙiris ya bar mutum ya mutu da ciwo yana shiga gidajen jama'a da shi. Ta sa aka nemo Fargali aka ɗora shi kan magani, ta ba Dardir sabuwar roba, ta tsayar da ma'aikaci a kansa har ya tofa a gabansa. Daga saman soro ya saurari bikin ɗan Umda, tare da kaji, yana cewa mabushin ba shi da numfashi. Da gari ya waye sakamakonsa ya fito: tas yake, ko ɗigo babu. Da nasa ya kai tun farko, da shi ya yi bikin.

Fargali ya warke, yana gaya wa kowa cewa Rayyis mutumin kirki ne, ya ciyar da shi tantabara kuma ya kai masa gwaji kyauta. Dardir ya daɗe bai leƙo gidan shayi ba. Ranar da ya dawo ya zauna can gefe, ba dukan ƙirji, ba kogi. Girgis tela ya kurɓi shayi, ya yi ɗan gyaran murya, sannan ya ɗaga kofin da babu komai ciki cikin ladabi.

"Rayyis, in tofa maka a nan ne, ko yanzu ka koma amfani da naka?"