Mazarƙwailar da Ta Narke a Ɗakin Jarrabawa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bakina ya kashe mini boko, a gaban yaran lardin Zazzau kaf. Ko yanzu da furfura ta cinye kaina, in na tuna sai na ji zufa ta tsattsafo mini.

A zamanin Turawa ne, ina ajin ƙarshe a elementaren Makarfi. Ni ɗan Gubuchi ne, kuma tun a makarantar allo aka san ni da murya. In na ja karatu, har matan da ke sussuka a bayan gari suna ji, shi ya sa ake kirana Ladan. Aibina ɗaya: ban iya karatu a zuci ba. In ban faɗa da baki ina rangaji ba, to wallahi baƙi ne kawai a kan fari.

A lokacin jarrabawar shiga makarantar Midil ta baka ce. Baturen makaranta zai zauna a inuwa, ka tsaya gabansa ya tambaye ka, ka amsa. Na amsa har sai da ya toshe kunne ɗaya. Amma guraben sun yi kaɗan, aka ce na kusa, ban dai kai ba. Sai aka ba ni zaɓi: ko in karɓi gurbi a makarantar koyon kafinta a Zariya, ko in bar shi a ba wani, in jira baɗi in sake. Baɗin nan kuwa ita ce ta ƙarshe, don gashin baki ya fara tona mini asiri. Kuma aka yi shela cewa an sake tsari: babu sauran tsayawa gaban Bature, takarda za a raba, kowa ya rubuta shiru.

Malam Sule, malamin ajinmu, ya kira ni gefe.

"Ladan, karɓi kafintan nan. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sabuwar jarrabawar ba ta masu murya ba ce."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai ilimin yana nan a kaina, ko da baki ko da alƙalami."

(Ku ji fa. Yaron da bai taɓa karanta layi ɗaya bakinsa a rufe ba.)

Baba ma bai so ba. Manomin rake ne, ƙafarsa ɗaya ta lalace da kurkunu, kuma ni ne babban ɗansa namiji. Ya ce in na iya sassaƙa ƙofa da benci, ko ba komai gidan ya samu madogara. Na yi ta magiya, na kwana biyu ban ci tuwo ba, ina cewa ni akawu zan zama, mai farar riga. Daga ƙarshe ya dube ni ya ce, "To, na bar ka. Amma ka sani shekara guda na ara maka daga ƙafar nan tawa." Ya ci gaba da jan ƙafa zuwa fadama shi kaɗai, ni kuwa ina ƙarƙashin tsamiya ina ta rera lissafi.

Malam Sule ya yi iya yinsa. Ya sa ni karatu da leɓe a rufe, sai sautin ya koma fita ta hanci. Ya ɗaure mini baki da rawani, na kusa shiɗewa. Kakata Iya ce ta kawo dabara ana gobe za mu tafi. Ta ɓantaro dunƙulen mazarƙwaila daga wadda Baba ya dafa, ta ƙulle mini a tsumma.

"Ungo, mijin banza. Cusa a baki in an fara. Ban taɓa ganin mai baki cike ya yi kiran salla ba."

A Zariya aka zuba mu a wani dogon ɗaki, kowa da teburinsa. Kusa da ni Tanimu ne, ɗan Hunkuyi da muka haɗu a hanya, wanda ya rantse mini cewa rabawa a lissafi ba ta taɓa zama a kansa ba. Bature ya ce duk wanda ya yi magana an kore shi, ya ajiye agogo a tebur, ya fita baranda da lofensa. Na jefa mazarƙwaila a baki.

Da farko abin ya yi. Sai dai daga ni har Iya babu wanda ya tuna cewa mazarƙwaila narkewa take yi. Ina sunkuye sai ga wani jan yawu ya ɗiga ɗal a tsakiyar takardata. Na goge da hannun riga, ya ƙara yaɗuwa. Na haɗiye sauran don tsoro. Bakina ya zama fayau.

Abin da ya biyo baya, ban san lokacin da ya fara ba, sai daga baya Tanimu ya ba ni labari. Wai na soma da gunaguni, sai rangaji, sai murya ta buɗe. Ina karanta tambaya da ƙira'ar makarantar allo, ina jan ƙarshenta, in yi lissafin a fili, in faɗi amsa, in maimaita sau biyu kamar yadda aka koya mana. Ni dai na san daɗi nake ji, tambayoyin suna ta faɗuwa. Ashe ɗakin ya yi tsit, alƙaluma ba sa motsi sai na faɗi amsa. Har wani daga baya ya ce, "Ɗan sake ta bakwai."

Kuma na sake masa. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Inuwa na gani a kan takardata. Na ɗaga kai, ga Bature, fuska ja wur. Maimakon in yi shiru, sai tarbiyya ta motsa: na zame daga benci, na durƙusa, na ce da dukkan muryata, "Ranka ya daɗe, barka da shan iska!"

Ɗakin ya fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ɗauki takardata da yatsa biyu saboda danƙon da ke jikinta, ya tambaya da Hausarsa, "Kai ne malami a nan?" Ya nuna mini ƙofa. Na fita ina jin ƙudaje suna bin hannun rigata, na zauna a gindin wata bishiya na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina goye.

Da na isa gida na tarar da Baba a wurin matsar rake, yana ɗingishi a bayan dokin da ke juya injin. Na durƙusa na faɗa masa komai. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Gurbin kafintan fa?" Na ce an ba wani tun bara. Sai ya miƙo mini linzamin, ya je ya zauna ya miƙe ƙafar nan da ta kumbura. A ranar na ga abin da shekarar da ya ara mini ta yi mata.

Tanimu ya ci jarrabawa. Ya yi Midil, ya zama akawu mai farar riga, irin wadda na yi mafarki. Mutumin kirki ne, duk lokacin da ya ratso Gubuchi sai ya tsaya ya gaishe ni da "Malamina", ni kuma in cika masa buhu da mazarƙwaila ina murmushin dole.

Hausawa sun ce in kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Ni an gaya mini kiɗan ya canja, da bakin Malam, da bakin Baba, na ce ƙafata ta fi makaɗin sani. Muryar dai ba ta tashi a banza ba: ni nake kiran salla a masallacin unguwarmu har yau, kuma nan ne kaɗai wurin da na ɗaga ta ba a nuna mini ƙofa ba.